Yadda ake shirya kwas ɗin buga jarida ga ɗaliban sakandare cikin zangon karatu ɗaya

A makarantun sakandare da dama na Arewacin Najeriya akwai kulob ɗin 'yan jarida, amma aikinsa bai cika wuce abu guda ba: ranar Litinin ko Juma'a ɗalibai biyu su fito a wajen asambuli su karanta labaran da suka kwafo daga rediyo ko daga wayar wani, a tafa musu, a watse. Wannan yana koya wa yaro tsayuwa a gaban jama'a, kuma ba abin rainawa ba ne, sai dai bai koya masa aikin jarida ba, domin bai nemo labarin da ƙafarsa ba, bai tambayi kowa ba, kuma babu wanda zai tare shi washegari ya ce masa abin da ya faɗa ba haka yake ba. Kwas ɗin da za a bayyana a nan yana da manufa ɗaya, wato a ƙarshen zangon karatu ɗalibai su riƙe jarida mai shafi takwas wadda su suka nemo labaranta, su suka rubuta, su suka tace, su suka tsara, kuma su suka tsaya a maɗaba'a har aka buga ta. Mako goma yana isa idan ana haɗuwa sau biyu a mako, sa'a ɗaya da rabi kowace haɗuwa.

Abin da za a daidaita kafin a tara ɗalibai

Zama na farko da shugaban makaranta za a yi shi, kuma a kan wannan zama ne sauran aikin zai tsaya ko ya rushe. Malamin da zai jagoranci kwas ɗin ya nemi a amince masa da abubuwa uku a rubuce: irin batutuwan da ɗalibai za su iya rubutawa a kai, wanda zai duba jaridar kafin a kai ta bugu, da kuma inda kuɗin bugun zai fito. Batu na farko shi ne mai nauyi. Idan hukumar makaranta ba ta yarda a rubuta komai ba face yabo da hotunan ranar rabon kyaututtuka, abin da za a samu mujallar talla ce, kuma ɗalibai suna gane hakan tun a mako na biyu, sai jikinsu ya yi sanyi. Abin da ya dace a nema shi ne a yarda su rubuta a kan ruwa, abinci, kujeru, ɗakin gwaje-gwaje, laburare, makara da wasanni, bisa sharaɗin cewa duk labarin da ya taɓa hukumar makaranta sai an ji ta bakinta kafin a buga. Shugaban makaranta yana da hakkin ganin shafuka kafin bugu, amma a tsayar da cewa zai yi hakan cikin kwana biyu, kuma idan ya ce a cire wani abu zai faɗa wa editocin dalili da bakinsa.

Ɗalibai goma sha biyar zuwa ashirin sun isa. A ɗauko su daga aji ɗaya da aji biyu na babbar sakandare, a bar 'yan aji uku su fuskanci jarrabawar WAEC da NECO. Kada a tsaya ga waɗanda suka fi iya Turanci kawai, domin jarida tana bukatar mai zane, mai ɗaukar hoto, mai iya lissafin kuɗi, da yaron nan da kowa a makaranta yake sakin jiki da shi ya ba shi labari. A makarantar da ake haɗa maza da mata, a tabbatar 'yan mata sun samu kujerun edita, kada a tura su shafin girke-girke a ce an gama da su.

Sai batun harshe. Shawarata ita ce a yi jaridar da Hausa da Turanci, kowane labari da harshe ɗaya, ba tare da fassara shi zuwa ɗayan ba. Iyaye da yawa, da masu dafa abinci, da masu gadi, shafukan Hausa ne za su karanta ko a karanta musu, kuma ɗalibin da ya san mahaifiyarsa za ta ji abin da ya rubuta yakan ƙara kula da gaskiyar maganarsa.

Mako na farko: a warware jarida ta gaske

A sayo jaridu na takarda, kamar Aminiya da Daily Trust, a kawo almakashi, gam da kwali. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yanko labari ɗaya, sharhin edita ɗaya, maƙalar ra'ayi ɗaya, wasiƙar mai karatu ɗaya da talla ɗaya, ya manna su a kan kwali, sannan ya bayyana wa sauran abin da ya bambanta su. Ɗalibi da yawa bai taɓa riƙe jarida ya buɗe ta shafi bayan shafi ba, domin labaransa duk a waya yake ganinsu a gauraye, babu abin da ke nuna masa inda rahoto ya ƙare da inda ra'ayi ya fara.

A wannan mako ne kuma ya kamata su ji cewa sana'ar tana da tushe a ƙasarsu. Jaridar farko a Najeriya, Iwe Irohin, a Abeokuta aka fara buga ta a 1859 da harshen Yarabanci. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, kuma editanta Abubakar Imam daga aji ya fito, domin malami ne a Makarantar Midil ta Katsina kafin ya shiga aikin jarida. Rabin sa'a ta isa wannan tarihi, kada ya cinye makon.

Mako na biyu: rabon aiki

A naɗa babban edita da mataimaki, editan labarai, editan shafukan Hausa, masu tace rubutu biyu, masu tsara shafi biyu, mai hoto, da mai kula da kuɗi da rarrabawa. Sauran su zama wakilai, kowane a ba shi fagensa: kicin da ɗakin cin abinci, ɗakunan kwana, filin wasa, ofishin jarrabawa, masallaci da ƙungiyoyin ɗalibai, da unguwar da ke kewaye da makaranta. Edita ma sai ya rubuta labari aƙalla ɗaya. A rubuta ranar rufe karɓar rubutu a allo da manyan baƙaƙe, kuma kada a ɗaga ta ko da kwana ɗaya.

Mako na uku zuwa na biyar: neman labari da yin hira

Nan ne zuciyar kwas ɗin, kuma nan ne ya kamata malami ya fi haƙuri. A fara kowace haɗuwa da taron editoci na minti ashirin, inda kowane wakili zai faɗi abin da ya gani ko ya ji a fagensa, sauran su yi masa tambaya ɗaya: wa ya gaya maka? A kwanakin farko amsar takan zama "kowa ya sani" ko "ana ta faɗa a hostel". Malami kada ya tsawatar, ya dai mayar da wakilin ya nemo mutumin da ya gani da idonsa ko wanda abin yake hannunsa.

Mu ɗauki misalin makarantar kwana da injin rijiyar burtsatsenta ya lalace. Wakili zai fara da zuwa wajen rijiyar da kansa, ya ga tankin, ya ga layin bokitai da jarkoki, ya rubuta lokacin da ya je da abin da ya tarar. Daga nan ya yi magana da ɗalibai biyu ko uku da suke ɗebo ruwa daga waje, ya tambaye su ƙarfe nawa suke tashi da kuma darasin da suke rasawa. Sai ya nemi ma'aikacin da ke tayar da injin, domin shi ne ya san ranar da ya tsaya da abin da ya ƙone a cikinsa. A ƙarshe ya je ofishin mataimakin shugaban makaranta mai kula da gudanarwa, ya ji nawa gyaran zai ci, wa zai biya, kuma yaushe. Idan ɗalibai sun ce mako uku ke nan ba ruwa, ma'aikacin kuma ya ce kwana goma, wakili ba zai zaɓi adadin da ya fi daɗin kanun labari ba, zai koma ya bincika har ya gano daidai, ko kuma ya rubuta maganganun biyu tare da sunan mai kowace.

Yin hira da babba yana yi wa yaranmu wuya, domin an tarbiyyantar da su a kan kada su tsare na gaba da tambaya, kuma wannan tarbiyya ba abin da za a rushe ba ce. Abin da za a koya musu shi ne ladabi da tambaya suna tafiya tare. Wakili ya yi sallama, ya gaida mutum yadda ya kamata, ya faɗi sunansa da ajinsa, ya ce daga jaridar makaranta yake kuma abin da za a faɗa masa za a buga shi. Ya tafi da tambayoyi biyar a rubuce, amma ya saurari amsa sosai, domin tambaya mafi amfani sau da yawa daga cikin amsar take fitowa. Idan bai gane ba ya ce, "Malam, a ƙara mini bayani a kan wannan." Kafin ya tashi ya nemi mutumin ya rubuta masa cikakken sunansa da muƙaminsa da hannunsa a littafin da wakilin yake rubuta hirar, sannan ya karanta masa maganar da yake son ɗaukowa kai tsaye, ya ji ko haka ya faɗa. Idan za a naɗi murya da waya, sai an nemi izini tukuna. A gwada duk wannan a cikin aji kafin a fita, malami ya zama wanda ake yi wa hirar, wani lokaci ya amsa a gajarce, wani lokaci ya kauce wa tambayar, domin su saba da maimaita ta cikin ladabi.

Wakilai su riƙa fita bibbiyu, ɗaya yana tambaya ɗaya yana rubutu. Duk hirar da za a yi a wajen makaranta, da mai unguwa ne ko da masu sayar da abinci a bakin ƙofa, sai da izinin makaranta da rakiyar malami, kuma da rana.

A cikin waɗannan makonni yana da kyau a gayyato ɗan jarida mai aiki ya zauna da su sau ɗaya. Ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, NUJ, tana da reshe a kowace jiha, kuma jami'o'i irin su Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya suna koyar da aikin jarida, don haka samun mai zuwa ba zai yi wuya ba. A roƙe shi kada ya yi lacca, ya karɓi littattafan wakilai ya duba abin da suka rubuto, ya nuna musu tambayar da suka manta.

Mako na shida: rubutu

Ɗalibi ya saba da insha'i, inda ake fara magana daga nesa a gangaro a hankali. Labarin jarida kuwa da abu mafi muhimmanci yake farawa, sauran bayanai su biyo baya bisa nauyinsu, ta yadda idan wuri ya ƙare aka yanke sakin layi na ƙarshe babu abin da mai karatu zai rasa. Rubutun farko na wakili yakan zo kamar haka: "A ranar Talatar da ta gabata da misalin ƙarfe takwas na safe, bayan an kammala asambuli, wakilinmu ya ziyarci ofishin mataimakin shugaban makaranta inda suka tattauna batutuwa da dama." Mai karatu ya gama jimlar bai san abin da ya faru ba. Bayan gyara sai ta koma: "Ɗaliban kwana sun shiga mako na biyu suna ɗebo ruwa daga wajen makaranta bayan injin rijiyar burtsatse ya ƙone, kuma hukumar makaranta ta ce za a gyara shi kafin ƙarshen wata." A sa kowane wakili ya duba ko sakin layinsa biyu na farko sun amsa tambayoyi shida: me ya faru, wa ya shafa, a ina, yaushe, me ya jawo, kuma ta yaya.

Labari kada ya wuce kalma 250 zuwa 300, domin shafin A4 mai hoto da kanu bai cika ɗaukar fiye da kalma 500 ba. Wakili kada ya sa ra'ayinsa a cikin labari. Idan abin ya ɓata masa rai, akwai shafin ra'ayi inda zai rubuta da sunansa. Malami kuma ya riƙe hannunsa. Jarabar karɓar biro a sake rubuta wa yaro labarinsa tana da ƙarfi, musamman idan lokaci ya ƙure, amma duk jimlar da malami ya rubuta, ɗalibi bai koye ta ba. Ya ja layi a ƙarƙashin wurin da ke da matsala, ya rubuta tambaya a gefe, ya mayar masa.

Mako na bakwai: tacewa

Kowane labari ya bi ta hannu biyu. Mai tacewa na farko gaskiyar bayani yake dubawa, da littafin wakili a buɗe a gabansa: sunaye, muƙamai, ranaku, adadi, da ko maganar da aka ɗauko kai tsaye daga bakin mutum tana cikin littafin. Na biyu harshe yake dubawa. A shafukan Hausa, a rubuta ƙa'idojin rubutun da jaridar za ta bi a takarda ɗaya a manna a bango: "za a" a rabe, "yana" da "suna" a haɗe, "su ne" a rabe, "a kan tebur" daban da "akan yi". Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, dole ne su fito, kuma a tsaya a kan 'y kamar yadda ake rubutawa a Najeriya, ko ƴ kamar yadda ake yi a Nijar, kada a gauraya.

A wannan mako ne za a zauna a kan ɗa'ar aiki, da misalai daga labaran da ke kan tebur. Kundin ɗa'ar 'yan jaridar Najeriya da aka amince da shi a Ilori a 1998 ya hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba idan lamarin ya shafi laifin lalata ko wani aikin laifi, ko shi aka cuta, ko shaida ne, ko shi ake tuhuma. Jaridar makaranta ta tsaurara fiye da haka: kada a buga sunan ɗalibin da aka hukunta, ko wanda ya faɗi jarrabawa, ko wanda ba shi da lafiya, kuma kada a zargi malami ko ma'aikaci da suna a kan abin da ba a tabbatar ba. Idan wakili ya ci karo da maganar cin zarafin ɗalibi, wannan ba labarin bugawa ba ne, magana ce da za a kai wa malamin kwas nan take domin ya isar da ita ga waɗanda alhakin kare yaron yake kansu. Shafin barkwanci da tsegumi ma a sa masa ido, domin laƙabin da aka buga a takarda yakan bi yaro har ya bar makaranta.

Mako na takwas: tsara shafi

Kafin a taɓa kwamfuta, a ɗauki takardar A3 guda biyu, a ninke su tare a tsakiya, a rubuta lambar shafi daga 1 zuwa 8, sannan a warware. Ɗalibai za su ga da idonsu cewa shafi na 8 da na 1 a fuska ɗaya suke, na 2 da na 7 a bayansu, na 6 da na 3 a takarda ta biyu, na 4 da na 5 a tsakiya. Duk shafuka biyu da ke maƙwabtaka a kan takarda jimlarsu tara ce, kuma daga nan za su fahimci dalilin da ya sa adadin shafuka yake tafiya hurhuɗu. A kan wannan samfuri za a zana da fensir inda kowane labari, hoto da talla za su zauna, a raba shafi gida uku a tsaye, a ba babban labari saman shafin farko da hoto mafi girma.

Manhajar Scribus kyauta ce kuma don wannan aiki aka yi ta. CorelDraw kuma ita ce masu maɗaba'a da yawa suka saba da ita. Ko wacce aka zaɓa, a gwada salon baƙaƙen tun farko, domin wasu ba su da ƙugiya, sai a ga ƙaramin akwati ya fito a gurbin ƙ ko ɗ. Charis SIL da Noto Serif suna ɗauke da su duka. Salo biyu sun isa, ɗaya na kanu ɗaya na jikin labari. Hotuna su zama na ɗalibai ne da kansu, ba na intanet ba, a nemi izinin wanda aka ɗauka, kuma kowane hoto ya samu bayani a ƙarƙashinsa da sunan mai ɗauka. Idan ta WhatsApp za a tura hoto, a tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana rage ingancinsa, ya fito dishi-dishi a bugu. Makarantar da ba ta da kwamfuta tana iya yin duk matakan da suka gabata ta fitar da jaridar bango, a rubuta da hannu mai kyau a kan kwali, a kafe a allon sanarwa.

Mako na tara: maɗaba'a

Mai kula da kuɗi ya yi lissafi a gaban kowa. Kwafi 300 na jarida mai shafi takwas yana cin takardar A3 guda 600, rim ɗaya kuwa takarda 500 ne, don haka rim biyu za a saya, ragowar ta rufe waɗanda za su lalace. A tambayi farashi a wuri uku. Ga adadi kaɗan fotokwafi ya wadatar, ga ɗaruruwa kuwa injin Riso, mai fitar da kwafi da yawa cikin sauri, ko bugun faranti irin na babban injin maɗaba'a, yakan fi sauƙi a kan kowane kwafi. Baƙi da fari ya isa fitowar farko. Kuɗin yana iya fitowa daga ƙungiyar iyaye da malamai, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da ƙananan tallace-tallace na masu shagon littattafai ko teloli na unguwa, a rubuta "talla" a saman kowane. Kuɗin ɗan siyasa kuwa a bar shi, domin da hotonsa yake zuwa.

A kai aikin a matsayin PDF wanda baƙaƙen suke ƙunshe a cikinsa, a nemi kwafin gwaji guda ɗaya, a ninke shi, mutum biyu da ba su taɓa ganin shafukan ba su karanta shi da ƙarfi daga sunan jarida har layin ƙarshe. Kurakurai sun fi ɓuya a kanun labarai, kwanan wata da bayanin hoto, inda kowa yake zaton wani ya riga ya duba. Babban edita ya sa hannu a kan kwafin gwajin kafin a tayar da inji. A nemi izinin mai maɗaba'a ɗalibai su tsaya su ga yadda ake ɗora takarda, a daidaita tawada, a yanke gefe, sannan su ɗauko shafukan su ninke su da hannunsu a makaranta.

Mako na goma: rarrabawa da bita

A raba jaridar da safe, a ware kwafi na malamai da ma'aikata, na laburare, na iyaye, da na duk wanda aka yi hira da shi, wakilin da ya yi hirar shi zai kai masa da hannunsa. A ajiye akwatin wasiƙu a bakin laburare. Bayan kwana biyu a kafe shafuka takwas ɗin a allo, a bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro, kowane edita ya faɗi abin da zai sauya. Idan wani ya kawo ƙorafin an yi kuskure a sunansa ko maganarsa, a duba littafin wakili, idan ƙorafin gaskiya ne a rubuta gyara a kafe a allon sanarwa a ranar, a kuma buga shi a shafi na biyu na fitowa ta gaba. Littattafan wakilai, kwafin gwajin da aka sa wa hannu, takardar lissafi da fayilolin kwamfuta a haɗa su wuri ɗaya a ofishin malamin kwas. Kafin a tafi hutu a naɗa editocin zango mai zuwa daga cikin 'yan aji ɗaya, a ba wakilin da ya rubuta labarin ruwa aikin komawa wajen rijiyar a makon farko na dawowa ya ga ko an gyara injin, sannan a rubuta ranar rufe karɓar rubutu ta fitowa ta biyu a allo.